Yadda Na Shiga Cocin Sojojin Faransa da Safa

Tun da na dawo, duk yammar da muka zauna shan shayi a shagon mamak, wato na Indiyawa masu shayi, da ke ƙasan gidanmu a unguwar Setapak, nan Malesiya, sai wani ya ce, "Farfesa, ba mu labarin Paris." Ni kuwa kun san halina. In mutanen tebur suka wuce biyu, harshena ɗaurewa yake yi. Sai in ce, "Akwai sanyi," in ci gaba da kurɓar shayina. Matsalar ita ce Nazifi, abokin zamana, ya karɓi aikin ba da labarin a madadina, kuma kullum labarin ƙara ƙiba yake yi. Makon jiya na ji shi yana gaya wa sababbin ɗalibai wai sojoji goma sha biyu ne suka kewaye ni da bindigogi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru, in tura muku, kowa ya huta.

Da farko ga abin da ya kai ni. Kundin digirina a kan wuraren ibadar da aka gina wa sojoji ne. Babi na uku, wanda na shekara guda a kansa, ya yi magana ne a kan wani coci a Paris. Wani sarkin Faransa ne ya gina shi, sama da shekara ɗari uku da suka wuce, a cikin wani ƙaton gida da ya yi wa tsofaffin sojojinsa da waɗanda yaƙi ya nakasa. Abin da ya burge ni shi ne coci biyu ne manne da juna, baya da baya: ɗaya na sojoji, ɗaya na sarki mai ƙubbar zinare, kowa da ƙofarsa, amma a asali bagade ɗaya suke kallo, wato teburin da limaminsu ke tsayawa. Na rubuta shafi arba'in ina yabon yadda sarki da talakan soja ke ibada tare.

Dokta Rosnah, malamar da ke duba aikina, ta karanta ta ajiye tabarau. Ta ce, "Sagir, ka taɓa tsayawa a cikin ginin nan?"

Na ce, "Na karanta littafi tara a kansa, Dokta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba lah." Kun dai san 'yan Malesiya, ba sa rufe magana sai da lah ɗin nan.

Ta ce akwai taron ɗaliban zanen gine-gine a Paris, ta sa sunana. Kwana uku ana taro, rana ta huɗu tawa ce har zuwa jirgin yamma. "Ka shiga cocin, ka zano min da hannunka abin da littattafanka tara ba su gani ba. In ka dawo min da irin hoton da ke jikin kalanda, babi na uku ya fita daga kundin. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya.

Da Nazifi ya ji, sai da ya zame daga kujera don dariya. "Mutum ya samu bizar Paris, wai coci zai je gani! Mutumina, kai ko turare ba za ka shiga shago ka shaƙa ba?" Amma da ya ga takalmin da nake shirin tafiya da shi, sai dariyar ta tsaya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa baƙi na fata, wanda yake ajiyewa a kwali. Ya ce, "Ba don kai ba, don mutuncin Kano. Su biyu na ba ka. Su biyu za ka dawo min da su."

Tafiyar jirgi ba ta da labari, sai tsayi. Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa, na yi sallolina, na sake duba takarduna sau uku. Na jera su ne a fayil, kowace da alamar launinta: wasiƙar gayyata shuɗi, ta makaranta kore, ta masauki ja.

A tashar Paris, jami'in shige da fice ya dubi fasfona, ya dubi hulata, ya ce me ya kawo ni. Na ce taro, da kuma ganin coci. Ya sake karanta sunana. Ya ce, "Coci?" Nan fa tsoro ya kama ni, ni kuma in na tsorata bayani nake yi. Na buɗe fayil na fara yi masa bayanin yadda ƙubbar take da ɓawo fiye da ɗaya, da yadda aka ɓoye tagogi a tsakaninsu don haske ya sauko kan zanen sama ba tare da an ga inda ya fito ba. Na kai ga zaro fensir zan zana masa, sai na ji ƙarar hatimi. Ya miƙo min fasfo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kiran na bayana da sauri, kamar mai neman ceto.

Masaukina wani ɗan otal ne, ɗakina a hawa na shida, ba lif. Ɗakin kuwa in na buɗe akwati sai dai ni in hau gado. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali banɗaki ne. Ku da kuka saba da Malesiya, inda ko banɗakin tashar mota yana da tiyon ruwa, ku gode wa Allah. Can babu tiyo, babu buta, babu ko moɗa. Na sauko hawa shida na sayi ruwan gora, na shanye rabi a tsaye don kada in yi almubazzaranci, gorar ta zama butata har na baro ƙasar.

Da safe na shiga shagon burodi. Shekara uku a Malesiya ta koya min cewa in ka shiga shago, nuni kake yi da yatsa ka ce tapau, a ƙunshe maka ka wuce. Na nuna burodi. Matar shagon, wata dattijuwa mai farin gashi, ta naɗe hannu ta dube ni, ta ce, "Bonjur." Na sake nuna burodin. Ta sake cewa, "Bonjur," da ƙarfi, kamar malamar aji ɗaya. Sai a lokacin na gane gaisuwa take jira. Kunya ta rufe ni. Ni da aka raina a gidan da in ka shigo ba sallama sai an mayar da kai zaure ka sake shigowa, yau ga Baturiya tana koya min gaisuwa. Na gaishe ta, har da ɗan rusunawa. Ta ba ni burodin, dogo kamar sanda, taurinsa ma kusan haka. Kwana huɗu shi na ci, da cuku, ina mafarkin shinkafa. Kuma mutanen nan ba sa wasa da lokacin abincin rana. In ya yi, ofis rufewa yake, ko waye kai. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Taron ya wuce lafiya. Na gabatar da takardata idona a kan takardar, ba wanda ya yi min tambaya, na ji daɗi ƙwarai.

Rana ta huɗu na isa gidan sojojin tun ana buɗewa. An yi ruwa da asuba, ƙasa a jiƙe. Na fara da ɓangaren sarki. Salon ginin shi ne wanda suke kira barok, wato ado a kan ado: ginshiƙai murɗaɗɗu, zinare ko'ina, marmara mai launi-launi a ƙasa, a can sama kuma an zana sararin samaniya cike da mutane a kan gajimare. In kun tuna zayyanar da maginanmu ke yi a fuskar soro, to ku ɗauka an ba magini dukiyar ƙasa gaba ɗaya an ce kada ya bar ko tafin hannu fili. A tsakiya an haƙa wani babban rami zagayayye, a ciki akwai jan akwatin dutse, kabarin wani janar ɗinsu da ya naɗa kansa sarki daga baya. Kowa sai ya sunkuya kafin ya gan shi. Amma wurin cike yake da masu ɗaukar hoto da masu jan yara, ga mai duba tikiti a ƙofa. Bai yi min kama da wurin ibada ba, ya fi kama da gidan tarihi. Na yi 'yan zane-zane, na duba, na ga duk irin na jikin kalanda ne.

Sai na zagaya ta babban tsakar gida, inda aka jera tsofaffin igwoyi, na nufi ƙofar cocin sojoji. A jikin ƙofar an manna sanarwa: za a rufe da ƙarfe biyu saboda wani taron sojoji. A lokacin sha ɗaya da rabi. Na ce ya ishe ni.

Na leƙa. Shiru. Ba kowa sai wata mata a can gaba ta sunkuyar da kai. Farin dutse, ba zinare, ba launi, haske mai sanyi yana saukowa daga manyan tagogi. A can sama, dama da hagu, tsofaffin tutoci ne a jere, sun koɗe sun yayyage. Wannan kam wurin ibada ne.

To ku yi min adalci. Shekara uku ina cire takalmi a ƙofar masallaci, a ƙofar gidan kowa, a ƙofar wuraren ibadar Indiyawa na unguwar Brickfields da muka je aunawa, a ɗakin kwamfutar makaranta, har wurin likitan haƙori. Ban yi shawara da ƙafafuna ba. Su suka yanke hukunci. Na cire takalman Nazifi, na jera su daidai a gefen ginshiƙi, bakinsu na kallon waje, na shiga da safa.

Na riga na lissafa tun daga Setapak inda zan tsaya: tsakiyar hanya, taku ashirin daga ƙofa. Na tsaya can na buɗe littafin zane. Sanyin dutsen yana ratsa safa har cikin ƙashi, amma ban kula ba. Na yi kamar minti ashirin, sai na ji motsi a bayana, irin motsin mutane da yawa da ba sa ƙara. Na waiwaya. Wata tawagar 'yan yawon buɗe ido ce daga wajen Asiya, tsofaffi da matasa, sun fi ashirin, suna tafe a hankali cikin ladabi. Dukkansu da safa. A bayansu ga wasu Turawa mata da miji, su ma da safa, mijin yana ƙoƙarin ɓoye babban yatsansa da ya leƙo.

Kafin in gama fahimtar abin da na jawo, sai ga mai gadi ya shigo da sauri, wani dogon dattijo baƙi, da rigar aiki da rediyo a kafaɗa. Yana magana da Faransanci ƙasa-ƙasa amma da zafi, yana nuna ƙofa. Daga inda nake ina hango bakin ƙofar: takalma sun cika shi, kamar ƙofar masallacin Juma'a. Jagorar tawagar ta yi masa bayani da hannu, alamar su ma gani suka yi. Sannan a hankali mutum ashirin da wani abu suka juyo suka dube ni.

Suka fita suna ta ba da haƙuri, kowa ya nemi nasa. Mai gadin ya tako har gabana, ya dubi safata, ya girgiza kai. Sai na ji ya ce wa kansa, da Hausa tsantsa, "Wannan kuma wane baƙauyen ne Allah Ya haɗa ni da shi yau?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ina wuni."

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya dubi hulata da kyau. "Kai ɗan ina ne?"

"Kano."

"Ai dole!" Ya tafa hannu, sannan ya tuna inda yake, ya rage murya. "Shekara goma sha tara ina gadi a gidan nan. Na ga mashaya, na ga mahaukata, na ga wanda ya zo da kare cikin jaka. Ban taɓa ganin wanda ya tuɓe wa jama'a takalmi ba sai da Bakano ya zo. Sunana Isuhu. Daga Damagaram. Ka gaida ubangidanka da kyau."

Wanda bai sani ba, tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni. Duk inda Badamagare ya ga Bakano, ya samu abin yi ke nan. Na sake gaishe shi. Muka fita neman takalmina. Kowa ya ɗauki nasa, bakin ƙofa fes. Na Nazifi babu.

Baba Isuhu ya yi magana a rediyo, ya saurara, ya fara dariya har yana dafa bango. Ashe tun kafin tawagar ta gama taruwa, wani abokin aikinsa ya ga takalmi mai tsada an jera shi a gefe ba mai shi, ya kai ofishin kayan tsintuwa, can ƙetaren tsakar gida. Mai ofishin kuma ta tafi cin abincin rana.

Na ce, "Yaushe za ta dawo?"

"Ƙarfe biyu. In abincin ya yi daɗi, da kwata."

Na ce to bari in koma in ƙarasa zanena. Ya ce a'a. In shugabansu ya shigo ya ga mutum tsaye a tsakiyar coci da safa ana shirin taron manyan sojoji, shi za a tambaya. Kuma in wata tawaga ta gan ni, a sake sabon lale. Gara in fita in jira a baranda.

A nan ne na ga babi na uku yana tafiya. Shekara guda. Ban san inda na samo bakin ba, na gaya masa komai: Dokta Rosnah, littafi tara, jirgin yamma. Ya saurara yana sosa gemu. Ya nuna igwoyin tsakar gida da haɓa ya ce, "Ka ga waɗancan? Da irinsu kakannina suka je gaishe ku. Yau kuma jikansu kake roƙo."

Na ce, a hankali, "Amma dai ba su shiga gari ba, Baba."

Ya dube ni kamar zai yi fushi, sai ya fashe da dariya. "Ashe yana da baki! Zo nan, ɗan banza."

Ya kai ni can baya, kusurwar ƙarshe, bayan wani ginshiƙi. Ya ɗauko 'yar kujerarsa ta naɗewa, gajeriya kamar kujera 'yar tsugunno, ya ce, "Zauna. Tura ƙafafun ƙarƙashin benci. In ka motsa, na ce ban san ka ba."

Na zauna, na duba, raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, daga nan ba a ganin komai. Ginshiƙi ya tare rabin bagaden. Ƙubbar ma ba a ganinta. Duk hotunan littafi daga tsakiya ake ɗauka, a tsaye."

Ya ce, "To masu littafin ƙafafunsu biyu. Waɗanda aka gina wa wurin nan, nawa ne ke iya tsayuwa?"

Ya tafi bakin ƙofa ya bar ni da wannan.

Na daɗe ban taɓa fensir ba. Daga inda nake zaune, bayan benci ne a gabana, sai ginshiƙi, sai can nesa wani babban gilashi a bayan bagade, wanda aka sa daga baya ya raba cocin biyu. Ta cikinsa ana hango ɗan ƙyallin zinaren ɓangaren sarki, kamar hasken gidan maƙwabci. Sarki kansa, ko da yana can, ba mai ganinsa daga nan. Abin da ke saman kaina, wanda ba yadda za a yi in kauce masa, tutocin nan ne, waɗanda aka ƙwato daga abokan gaba a yaƙe-yaƙe. Na karanta cewa sun fi haka yawa, an taɓa ƙona da dama a tsakar gida da maƙiya suka kusa shiga birnin, don kada masu su su karɓe. Amma ban taɓa tunanin yadda mutumin da ya bar ƙafarsa a filin da aka ƙwato tuta zai zauna kullum a ƙarƙashinta ba.

Na fara zane. Ina tsaka da shi sai na ji ƙarar taya. Wani tsoho ne Bature a keken guragu, da lambobin yabo a ƙirji, ƙafarsa ɗaya. Har yau akwai tsofaffin sojoji da ke zaune a gidan. Ya tsaya daidai gefena, kanmu ɗaya a tsayi. Ya dubi zanen, ya leƙa ƙarƙashin benci ya ga safata, ya faɗi wata magana. Baba Isuhu, da ya biyo shi, ya toshe baki.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce kai ma an ba ka ɗaki a nan ne?"

Tsohon ya sa yatsa a kan takardata, inda na zana tutocin a miƙe tsaf. Ya girgiza kai, ya karkata tafin hannunsa. Na ɗaga kai na duba. Gaskiyarsa: daga ƙasa ba a miƙe suke ba, rinjayowa suke kamar za su faɗo maka. Na goge na gyara. Ya gyaɗa kai, ya zauna nan tare da ni har aka fara shigo da furannin taro.

Ƙarfe biyu aka rufe, na koma baranda. Biyu da kwata Baba Isuhu ya dawo da takalman Nazifi a hannu, an ɗaura wa ɗaya 'yar takarda mai lamba da hatimi. Ya ajiye min su ya ce, "Ka gaya wa mutanen Kano, Badamagare ya ɗaukar muku takalmi sau ɗaya. Ba za a ƙara ba." Na durƙusa na yi masa godiya. Ya raka ni har bakin titi yana nuna min jirgin ƙasan da zan hau, yana ƙara min da cewa in na shiga kada in cire.

Nazifi bai cire takardar nan ba har yau. Ita yake nuna wa mutane a matsayin shaidar cewa rundunar Faransa ta tsare takalminsa.

Ranar Litinin na je ofishin Dokta Rosnah. Na cire takalmi a ƙofarta, don ita ma haka dokarta take, na miƙa mata zanen. Ta daɗe tana kallo. Ta juya shi, ta matso da shi kusa.

"Ina ƙubbar?"

"Ba a ganinta daga nan, Dokta."

"Me ya sa idon mai zanen ya yi ƙasa haka? Kamar a zaune kake."

Na gaya mata duka, har tawagar masu safa. Ba ta yi dariya ba sai da na zo kan tambayar tsohon, nan ta cire tabarau ta share ido. Sannan ta jawo babi na uku, ta buɗe shafin farko, ta ja layi a ƙarƙashin inda na rubuta cewa sarki da soja suna ibada tare.

"Babin ya zauna. Amma wannan kalmar, tare, ka koma ka sake tunani a kanta. Daga kan kujerar nan za ka fara, ba daga ƙubba ba."

Na tashi ina godiya. Har na kai ƙofa ta ce, "Sagir, babi na huɗu a kan wane gini ne?"

Na ce, "Masallacin wani barikin soja, Dokta."

Ta mayar da tabarau, ta ce, "To can ka cire lah."